Ruwan Randar Adda

"Ya isa haka," in ji Yakaka. Ta janye ɗan kofin daga bakinsa tun leɓensa bai gama jiƙa ba.

Abdulrahim ya bi kofin da ido har ta kife shi a kan tire. Bai yi musu ba, ya daɗe da daina musu. Ya lashe leɓe kawai ya ce, "Iya, wallahi likitan da kansa ya fi ki tausayi."

"To ka koma wurinsa ya tuƙa maka tuwo."

Ya yi dariya, dariyar ta zame masa tari. Ta tallafo kansa, ta gyara masa matashi, ta ɗauki mafici ta ci gaba da yi masa fifita. Bazarar shekarar 2006 ce, kuma duk wanda ya san Azare a irin wannan lokaci ya san ko inuwa ma zafi take yi. A ƙarƙashin darbejiyar tsakar gidanta ta shimfiɗa masa katifa, don ɗaki ba ya zaunuwa. Ƙafafunsa sun kumbura, in ta danna da yatsa sai gurbin ya zauna bai taso ba. Saurayin da ke taka keken ɗinki a kasuwa tun safe har la'asar, yau ko buta ba ya iya ɗagawa. Ƙodarsa duka biyu sun gaji, fitsari ya kusa ɗaukewa, kuma likitocin Kano sun ce duk ruwan da ya sha a jikinsa zai tsaya. Saboda haka ruwan ma sai an auna masa. Mai aunawar kuwa ita ce, ba ta yarda kowa ya taɓa kofin nan.

Yakaka ba ita ta haife shi ba, ko da yake wanda ya faɗi haka a gabanta ya nemi rigima. 'Yar Barno ce, aure ya kawo ta Azare, mijinta Babakura ya rasu ya bar ta da gida da sana'ar turaren wuta. Uwar da ta haifi Abdulrahim tana nan da ranta, katanga ɗaya ce tsakaninsu: Hadijatu, matar Malam Hammadu, Bafulatanar Shira. Kusan lokaci guda suka haihu. Jaririyar Yakaka ta koma tun ba a yi suna ba, ita kuwa Hadijatu ta haifi ɗa ƙanƙani, wanda tafin hannu biyu ke rufewa, ta kwanta jinya, nono bai zo ba. Sai aka miƙo shi ta kan katanga. Daga ranar da ya kama nonon Yakaka, ta sa a ranta Allah ne Ya karɓa da dama Ya mayar mata da hagu.

Hadijatu kuwa ko bayan ta warke ba ta neme shi ba. Ɗan fari ne, kuma a gidansu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta goya shi a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ba ta cin abinci yana wurin, sunansa kuma bai taɓa fita daga bakinta ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "ɗan Yakaka". Shi ma ya tashi yana ce mata Adda, kamar wata yayarsa, Yakaka kuma Iya. Wata damina katangar ta zube daga gefe ɗaya, aka sami kafa, ta nan ya koyi rarrafe zuwa gidan Iya. Har yau kafar tana nan ba a toshe ba.

Ta kafar Hadijatu ta leƙo yanzu, kamar yadda take yi kullum da hantsi. Ba ta shigo ba. Ta tsaya da gefen mayafi a baki, idonta a kan tukwanen turaren da ke shanye a rana.

"Yakaka, ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

"Allah Ya ƙara sauƙi."

Shi ke nan, ta juya. Yakaka ta taɓe baki. Wannan ita ce uwa! Ɗanki yana kwance ana auna masa ruwa a kofin shayi, ke kina gaida tukwane. Amma can cikin ranta wannan kunya ta Hadijatu daɗi take yi mata, don ita ce ta bar mata yaron ita kaɗai.

Da ta juyo sai ta ga Abdulrahim bai ɗauke ido daga kafar ba. Ya daɗe yana kallon wurin da mayafin ya ɓace.

"Iya," ya ce, "har yanzu Adda tana sa saiwar jema mai ƙamshi a randarta?"

"Ni ina na sani? Ina shan ruwan gidanku ne?"

"Babu ruwa irin nasa a garin nan." Ya lumshe ido. "Kin san tun ina firamare, in na dawo da rana, sai in tarar da moɗa cike a gindin randa, an rufe da faifai. Ba wanda ya taɓa cewa nawa ne. Ƙannena su Suwaiba ma ba sa taɓawa. In na shanye na ajiye, gobe in tarar an cika. Har na fara zuwa shago ba ta fasa ba."

Fifitar ta tsaya a hannun Yakaka. Ita da take ganin babu abin da ba ta sani ba game da yaron nan, daga tabon da ke gwiwarsa har yarinyar da ya taɓa so a Gadau. Ashe shekara da shekaru, kafin ya ƙetaro ya ci abincinta, sai ya fara tsayawa ya sha ruwan wata. Bai taɓa faɗa mata ba. Kishi ya taso mata, irin wanda ba ta taɓa yi a kan Babakura ba.

"Ni randata ta bushe ke nan?" ta ce.

"Haba Iya. Naki ruwan turare yake yi, kamar mutum yana shan humra." Ya yi ɗan murmushi, sannan murmushin ya tafi. "Don Allah ki ce mata ta zo. Ba ta tsaya a kafa ba, ta zo nan ta zauna. Ke kaɗai za ki iya gaya mata. Ni ban san da wane baki zan faɗa ba."

"Zan gaya mata. Kai dai ka yi barci."

Ba ta gaya mata ba. Ranar ta ce Hadijatu na da baƙi daga Disina. Washegari ta ce ai jikinsa ya yi nauyi, surutu ba zai yi masa kyau ba, kamar dai Hadijatu mai surutu ce. Kullum in ya tambaya sai ta ce, "Tana nan tafe," ta ɗebo masa wani zancen. Ta san abin da take yi, kuma ta san ba shi da kyau, amma in ta tuna moɗar nan da faifanta sai zuciyarta ta bushe. Wa ya bi shi Kano a motar haya, kansa a kafaɗarta, ana zuwa wankin ƙoda ana dawowa? Wa ya zauna yana kallon jininsa na fita ta roba yana shiga inji yana dawowa, har jijiyoyin hannunsa suka ƙi, shi kuma ya ce ya gaji, a mai da shi gida? Wa ya koyi miya ba gishiri ba kanwa, ya kuma ci tare da shi don kada ya ji shi kaɗai ne? Yanzu da aka zo ƙarshe, sai wata ta shigo da ruwan sanyi ta zama ita ce uwa?

Akwai kuma wata magana da take riƙe da ita tun Kano, ba ta faɗa wa kowa ba. Ranar da aka ɗauki hoton cikinsa, likitar, wata mace mai gilashi da sanyin murya, ta kira ta ofis ta ce, "Mama, ke ce mahaifiyarsa?"

"Ni ce uwarsa."

"Lokacin da kike da cikinsa, kin yi fama da numfashi? Ko ƙarancin jini?"

Dole Yakaka ta ce, "Nono na ba shi. Wadda ta haife shi tana gida." Ba ta taɓa jin magana ta yi mata ɗaci a baki kamar wannan ba. Amma amsar tambayar ta sani, don a gabanta aka yi. Hadijatu mai ciwon fuka ce tun tana yarinya. Cikin fari kuma kunya ta sa ta ɓoye shi, ba awo ba asibiti, tana ɗaure da zane tana girkin gidan surukai a madafa mai ƙaramar taga, da ɗanyen kara mai hayaƙi. Sau nawa Yakaka ta tarar da ita a bayan ɗaki ta dafa bango tana jan iska kamar mai shan kunu da kara, leɓenta ya yi baƙi, idonta fari fat, tana roƙon kada a gaya wa kowa.

Likitar ta saurara, ta gyaɗa kai. Ta ce ƙoda tun a ciki ake gina ta, kuma a cikinta akwai 'yan ƙananan matatai masu yawan gaske, kamar rariya, da suke tace jini. Abin da aka haifi mutum da shi, shi ke nan, ba ya ƙaruwa. In iskar da ke cikin jinin uwa ba ta isa ba, ɗan da ke ciki sai ya tura 'yar wadda ya samu zuwa kai da zuciya, ƙoda ta samu saura. Sai a haife shi ƙarami, da ƙoda ƙanana, su yi ta aikin da ya fi ƙarfinsu shekara da shekaru har su gaji. "Ban ce lallai shi ne ba," in ji ta. "Ba mai iya rantsewa. Kuma ba laifin kowa ba ne, Mama." Yakaka ta ji farkon maganar da kyau. Ƙarshen ne ba ta ɗauko da shi ba.

Ran Alhamis jikin ya rikice. Tun safe numfashinsa ke sama-sama, fuskarsa ta kumbura har idanun suka ƙanƙance, ya ƙi kunu, ya ƙi komai. Malam Hammadu ya shigo ya yi masa addu'a ya tofa, ya daɗe tsugune, sannan ya fita zaure ya zauna da maza. Da Yakaka ta kawo ɗan kofin, Abdulrahim ya kau da kai.

"Kin gaya mata?"

"Na ce maka tana nan tafe."

Ya buɗe kumburarrun idanunsa ya dube ta. Ba fushi a ciki, abin da ya fi ƙona ta ke nan. "Iya," ya ce a hankali, "ba ki taɓa yi min ƙarya ba."

Ta ajiye kofin ta miƙe. Ba don zuciyarta ta yi laushi ba, a fusace ta miƙe, ta ƙetare kafar kamar mai zuwa faɗa. Ta tarar da Hadijatu zaune a ƙofar ɗakinta tana tsintar wake. Waken dai yana cikin tire, amma hannun ba ya tsintar komai.

"Kina nan kina tsintar wake," in ji Yakaka.

"Sannu da zuwa. Ga tabarma."

"Ban zo zama ba. Ke wace irin mace ce, Hadijatu? Yaro yana can yana fama da ransa, ke kina nan kina kunya. Kunyar nan taki ce ta kai shi inda yake! Likita ta gaya min a Kano. Tun a cikinki ƙodarsa ba ta cika ba. Kin ɓoye ciki, kin ɓoye fuka, kina shaƙar hayaƙi, iska ba ta isa gare shi ba. Ke kika rage masa tun bai zo duniya ba, ni kuma aka bar ni da auna masa ruwa, yana kallona kamar ni ce muguwar!"

Maganar ta fita duka, ba ta rage komai ba. Ta tsaya tana haki, tana jiran kuka, ko zagi, ko Hadijatu ta ce ƙarya ne.

Hadijatu ba ta ɗago ba. Ta tura ƙwayar wake ɗaya da yatsa zuwa gefen tire. "Ai na sani," ta ce.

"Kin san me?"

"Ban san sunan abin ba. Amma in fukar ta taso, sai in ji ya daina motsi. Sai in ta lafa ya motsa. Na sani tun lokacin ina cutar da shi." Ta jawo ƙwayar waken ta mayar tsakiyar tire. "Da aka haife shi na ga ƙanƙantarsa, na ce wannan a wurina bai sami komai ba, ko nono. Da ya kama naki ya fara ƙiba, na gode wa Allah, na kuma shiga bayan ɗaki na yi kuka."

Yakaka ta kau da kai ta dubi katangar.

"Kafar nan," in ji Hadijatu, ta nuna da haɓa, "sau nawa Malam ya kira magina. Ni nake cewa a bari sai bayan damina. In kin kira shi cin abinci, ko kina yi masa faɗa, ta nan nake jin sunan. In ina daka sai in tsaya." Yanzu ta ɗago, idonta ya kaɗa ya yi ja, amma ba hawaye. "Ke kina faɗarsa kamar ba komai ba, Yakaka. Ki faɗa da safe, ki faɗa da rana, har da tsawa. Wallahi akwai ranar da na tsane ki saboda haka."

Wani abu mara kyau ya ratsa Yakaka, wani ɗan daɗi, jin cewa ashe ita ma an yi kishinta. Daɗin bai daɗe ba, kunya ta biyo bayansa ta danne shi. Ta dubi gindin randa. Ga moɗar nan, an rufe ta da faifai, gefenta na naso. Yaron da rabonsa da ƙetaro kafar nan tun kafin azumi.

"Yana kiranki," ta ce. "Ba yau ya fara ba. Ni ce ban faɗa ba."

Hadijatu ta ajiye tiren. Ta miƙe, ta sake zama. "Da mutane a wurin."

"Zan kore su."

"Ke fa?"

Tambayar ta soki Yakaka inda ba ta zata ba. Gidanta ne, darbejiyarta ce, katifarta ce. Duk da haka ta ce, "Har ni." Sannan ta sunkuya da kanta ta ɗauki moɗar, ta miƙa wa Hadijatu. Ruwa ya zuba kaɗan a ƙasa.

"Likita bai hana ba?"

"Ya hana," in ji Yakaka. "Kai masa."

Matan unguwa uku ne zaune a tsakar gidan sun zo dubiya, da Suwaiba, ƙanwarsa. Yakaka ba ta yi musu wata kwana-kwana ba. Ta ce mai jiki yana son iska, su koma gidan Malam, za a kira su. Suka tashi suna kallon juna, don sun ga Hadijatu tsaye a kafa da moɗa a hannu, abin da ba su taɓa gani ba. Suka fita ta zaure. Yakaka ta ja kujerar tsugunno ta ajiye a bakin ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, ta zauna ta ba wa darbejiyar baya. Wata mai tallan fura ta yi sallama, ta ce mata a'a da hannu. Wani abokin ɗinkinsa ya aiko a yi masa iso, ta ce ya jira.

Ta ce ba za ta saurara ba, amma kunne ba shi da murfi. Ta ji takun Hadijatu a kan yashi. Ta ji katifar ta motsa. Ta ji ya ce, "Adda," da wata murya ta yara wadda ita Yakaka ta daɗe ba ta ji ba. Sai ƙarar haɗiya, ɗaya bayan ɗaya, ba mai cewa ya isa. Kowace haɗiya sai ta ji ta a maƙogwaronta. Watanni tana hana shi don ya rayu, yana kallonta da busasshen leɓe, yau wata ta zo ta ba shi har ya ƙoshi, kuma wannan ne zai tafi da shi. Ta cusa gefen mayafinta a baki ta cije.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya sauke dogon numfashi. "Yana nan yadda na san shi."

Yakaka ta zaci shi ke nan. Sai ta ji muryar Hadijatu ƙasa-ƙasa, tana tuntuɓe kamar mai koyon karatu.

"Abdul... Abdulrahim."

"Na'am."

"Abdulrahim."

"Na'am, Adda."

Ba ta ce masa komai ba bayan haka, sunan kawai. Shi ma bai ce komai ba sai amsawa. Yakaka ta kira sunan nan sau babu iyaka, a kasuwa, a asibiti, a bakin rijiya, kuma bai taɓa amsa mata da irin wannan na'am ɗin ba. Ta yi kuka sosai, ba sauti, kuma ita kanta ba za ta iya cewa nawa ne na baƙin ciki nawa ne na kishi ba.

Bayan azahar Hadijatu ta kira ta. "Yakaka, zo. A kira Malam."

Ta shigo ta tarar da kansa a kan cinyar Hadijatu. Wurin da take zama kullum ke nan, inda take fifita, inda take tallafo shi in tari ya taso. Hadijatu ta motsa kamar za ta ba ta wurin, amma hannunsa na riƙe da gefen zanenta. Yakaka ta zagaya ta zauna a ƙarshen katifa, ta ɗora kumburarrun ƙafafunsa a kan cinyarta tana shafawa. Ƙafafu ne rabonta. Malam Hammadu ya tsuguna kusa da kunnensa yana maimaita kalmar shahada a hankali, leɓen Abdulrahim na bi. Can ya ɗan buɗe ido, ya neme ta har ya same ta a can ƙasa.

"Iya, na sha da yawa. Kada ki yi faɗa."

"Ba zan yi ba," ta ce.

Ana kiran la'asar ya cika. Malam ya shafe masa ido ya yi salati, muryarsa ta karye a tsakiya. Hadijatu ta zare cinyarta a hankali, ta ajiye kansa a kan matashi, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta koma gida ba tare da kowa ya ji kukanta ba.

Aka ce wanka da sutura a gidan mahaifinsa za a yi. Maza suka zo za su fita da shi ta zaure su zagaya ta titi, sai Malam Hammadu ya ce a'a, a bi ta nan. Ta kafar suka wuce da shi a cikin tabarma, suna sunkuyawa, suna karkata, don girmanta ya dace ne da yaro mai rarrafe da mace ɗaya, ba maza huɗu da gawa ba. Ƙasa ta ɗan zubo daga gefen katangar. Kafin magariba an kai shi.

Zaman makoki ma a can aka yi. Mata daga Shira da Disina da Gadau suka cika gidan Malam, kowace ta shigo sai ta durƙusa gaban Hadijatu ta ce, "Ya haƙuri? Allah Ya jiƙansa." Hadijatu na sunkuye tana amsawa da "amin" kamar ɗan maƙwabta ne ya rasu, tsofaffi na yaba mata, suna cewa ga Fulani na asali. Waɗanda suka san zancen sukan juyo su ce, "Yakaka, ke ma ya haƙuri? Ai kin yi ƙoƙari." Ke ma. Kin yi ƙoƙari. Kamar wata 'yar aikin asibiti. Ta amsa musu duka, ta raba goro, ta zuba wa baƙi abinci, ta kuma ji haushin kowace ɗaya daga cikinsu.

Da aka yi sadakar bakwai, baƙi suka watse, unguwa ta koma yadda take. Yakaka ta naɗe katifar, ta share ƙarƙashin darbejiya, ta fito da tukwanen turarenta rana. Ɗan kofin ne ta rasa yadda za ta yi da shi. Ta wanke shi, ta kai ɗaki, ta dawo da shi, ta tsaya da shi a hannu a tsakar gida da tsakar rana, daidai lokacin da 'yan makaranta ke wucewa a titi da hayaniyarsu.

Ta leƙa ta kafar. Gidan Malam shiru, labulen ɗakin Hadijatu a sake. A gindin randa ga moɗar, an rufe ta da faifai.

Ta ƙetara a hankali, ta tsuguna, ta ɗaga faifan. Ruwan ya cika har baki, ƙamshin jema na tashi daga cikinsa. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta tsoma ɗan kofin, ta ɗebo daidai yadda ta saba aunawa, ta ajiye shi a gefen moɗar, ta ja faifan ya rufe su duka biyun.